Ɗana, Kafin Ka Yanki Fom ɗin Digirin Digirgir



Daren da ka zo mini yawon salla da jakar takardu a hammata, bayan an watse daga isha'i, ka ce ka yanke shawarar neman gurbin digiri na uku, wanda mutanenmu ke kira digirin digirgir. Na yi murna ƙwarai, kuma har yanzu ina cikinta. Sai dai na yi maka tambaya guda, ko ka tuna? Na ce, "Me kake so ka sani?" Ka jero mini jami'o'i huɗu, da kuɗin fom ɗin kowacce, da ranar da za a rufe. Na sake tambaya, ka ce a wurin aiki akwai matakin da mutum ba ya hayewa in ba shi da wannan takarda. Gaskiya ka faɗa, amma tambayata tana nan ba a amsa ba. Zaure cike yake da baƙi a daren, ban so in ja maganar a gaban mutane ba, shi ya sa na ce zan rubuto maka. Na bar wasiƙar a buɗe da gangan, domin 'yan'uwanka da ke cikin wannan hali suna da yawa, daga Kafin Hausa har Dutse.

Fara da sanin abin da kake nema. A digirin farko an ba ka abin da wasu suka tara ne, ka riƙe, ka mayar a jarrabawa. A na biyu an koya maka riƙon kayan aikin bincike. A na uku kuwa kai ake jira ka kawo. Wata rana za ka zauna gaban malaman da suka riga ka tsufa a fagen, ka gaya musu wani abu, ko da ƙanƙane ne, wanda kafin kai ba wanda ya tabbatar da shi, su juya shi gaba da baya su ga ko zai tsaya. A ƙa'ida shekara 3 ce mafi ƙaranci ga wanda ya ba karatun dukkan lokacinsa, amma na ga masu 5, na ga masu 7, na ga waɗanda suka sulale ba sallama. Wanda ya shiga don a kira shi Dakta, kafin shekara ta biyu ta ƙare kalmar takan daina ɗumama masa jiki. Abin da na ga yana riƙe mutum har ƙarshe shi ne tambayar da ke hana shi barci, wadda ko ba a yi masa alkawarin takarda ba zai so ya ji amsarta.

To ina ake samo irin wannan tambaya? Kai da aka yanke wa cibi a Haɗejiya ba ka da uzurin rasa ta. Fita ka tsaya kan jinga ka dubi kogi.

Lokacin da nake yaro, ruwan nan yana da lokacinsa, kamar baƙon da ya san ƙa'idar zumunci. Yakan iso a tsakiyar damina, ya malale fadamu, ya ɗan zauna, sannan ya yi sallama. Mai shinkafa ya san ranar shukarsa. Masunci ya san lokacin kafa mali da jefa birgi. In ruwa ya ja da baya mai wake da mai kuɓewa su bi laimar, daga ƙarshe Bafillatani ya shigo da shanunsa su sami ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Fili ɗaya, mutum huɗu na ci a shekara, kowa da zangonsa. Aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Ba na cikin masu tsine wa madatsun nan. Birnin Kano na sha daga gare su, Kura da Kadawa da su suke noman rani, mu ma aikin ban ruwa na Auyo da su yake numfashi. Amma sun sauya wa kogin ɗabi'a. Ruwan da a da yake zuwa ya tafi, yanzu yana tsiyaya har cikin rani, ba ya ƙafewa sarai. Irin wannan ruwa marar zurfi da ba ya ɗaukewa shi ciyawar kacalla take so. Ta yaɗu, ta riƙe laka da yashi, ta toshe hanyoyin ruwa, har mafi yawansa ya karkata ta reshen Marma ya nufi Nguru, wasu rassan suka koma busassu. Sai ka ga gonar da ruwa ya kwanta a kanta shekara da shekaru, ga kuma ƙauyen da ke kukan fari, alhali tsakaninsu bai wuce tafiyar yini ba. Tsuntsun jan baki ya sami masauki a cikin kacallar, da asuba ya taso ya faɗa wa shinkafa da gero. Ga sauro, ga tsargiya a jikin yara. Ga kuma ambaliyar da ta zo a 2018, ta dawo a 2020, ta sake dawowa a 2022. Kai da kanka kana cikin samarin da suka kwana a kan jinga suna ɗura ƙasa a buhu don kada ruwa ya ci gari. Ka dawo gida da asuba, laka har gwiwa, ka tambayi mahaifiyarka, "Wai me ya sa duk shekara sai an yi haka?" Ita ta ba ni labari. Wannan tambayar taka ta fi duk taken binciken da ka nuna mini a zaure daraja.

Wasu sun riga ka ganin darajarta. Tun 1987 aka kafa aikin kula da fadamun Haɗejiya da Nguru, masana suka zo daga Ingila da wasu wurare suna auna ruwa, suna ƙirga tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a Baturiya. A 1993 aka buga wani babban littafi kan fadamun nan, wanda Hollis da Adams da Dakta Muhtari Aminu-Kano suka tsara. A wannan zangon ne wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka lissafa abin da fadama ke bayarwa na kifi da amfanin gona da itace, suka gwada da abin da ruwa daidai wannan ke samarwa a aikin ban ruwa na kogin Kano, suka ga na fadamar ya ninka sau da yawa. Kafin su ma, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya lizimci ƙauyen Dagaceri tun farin shekarun 1970, yana komawa shekara bayan shekara yana rubuta yadda talaka ke jure fari, har ya fitar da littafinsa a 1989, kuma ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ƙauye ɗaya, ɗana. Da yawa cikin baƙin nan sai da tafinta suke magana da mutane. Kai kuwa kana jin habaicin masunci, ka san yadda ake durƙusa wa Bulama, ka san wanda in ya ce "babu komai" to akwai. Kuma yawancin awon da suka yi ya haura shekara 30, kogin ya sake sauyawa tun daga lokacin. Aikin yana jiran hannu.

Sai dai zama ɗan gida ma yana da tarkonsa, don mutum yakan ɗauka ya riga ya sani. Wanda ya taso yana jin ana cewa makiyaya ne ke jawo rikici, ko manoma ne suka cinye burtali, yakan shiga fili da hukuncinsa a aljihu, ya dawo da shi yadda ya tafi da shi. In ka riga ka san amsar da za ka samo, ba bincike ka fita ba. Ka shiga ƙauyen kakanninka da kunnen baƙo.

Yanzu batun take. Cikin waɗanda ka nuna mini har da tasirin sauyin yanayi ga noma a Arewacin Najeriya. Ɗana, wannan ba ya ɗaukuwa. Wane noma? Wace Arewa, ta Sakkwato ko ta Mambila? Kwamitin tantancewa ya ga irinsa har ya gaji, kuma da ganinsa ya san mai shi bai taka fili ba. Gwada wannan: a ƙauyukan Guri da Kiri Kasamma inda jama'a ke yin gayya su sare kacalla su buɗe hanyar ruwa, damina nawa ake yi kafin ta sake toshewa, in an gwada da inda aka kawo injin yasa? Wa ke biyan wahalar, wa ke cin amfanin? Ka ga wannan tana da wuri, tana da iyaka, ana iya aunawa, kuma amsarta za ta yi wa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are amfani, ta yi wa mai gona amfani. Ban ce lallai ita za ka ɗauka ba. Girmanta nake nuna maka, wato daidai abin da mutum ɗaya mai albashi ɗaya zai iya sungumar sa cikin shekara 3 ko 4.

Ga 'yan'uwanka da ba labarin ƙasa suka karanta ba, su ma kogin bai bar su a baya ba. Mai tarihi yana da zamanin Sarki Buhari da yaƙin 1906 da Turawa wanda Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa, ga tsofaffin da ke riƙe da labaran suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mai nazarin harshe yana da kalmomin su da na fito da ba su shiga ƙamus ba, ga cuɗanyar Hausa da Fulatanci da Badanci da Manganci a kasuwa ɗaya. Mai shari'a yana da tambayar wa ya mallaki gonar da ruwa ya ci shekara 10 sannan ya saki. Mai tattalin arziki ya bi kwalin bandar kifi daga kasuwar Haɗejiya har Kudu ya ga a hannun wa ribar ke tsayawa.

In ka sami tambayar, sai takardar ƙudurin bincike, wadda kuke kira furofozal. Ita ce fuskarka a gaban mutanen da ba su taɓa ganinka ba. Abu huɗu mai karatu ke nema a ciki: me kake tambaya, me waɗanda suka gabace ka suka ce, ina suka tsaya, kai kuma da wace dabara za ka ɗora. Na biyun nan shi ne inda yawancinku ke faɗuwa. Sai yaro ya rubuta cewa ba a taɓa bincike a kan abu kaza ba, alhali kundaye uku na kwance a laburaren Jami'ar Bayero da Kashim Ibrahim ta Zariya, ƙura ta rufe su. Ka ba karatu wata 3 kafin ka rubuta layi ɗaya. Abin da ke intanet ka sauke, abin da ba ya can ka hau mota ka je ka same shi. Sannan ka sa kalandar kogi a cikin jadawalinka. Akwai ƙauyen da daga Agusta zuwa Oktoba sai a kwalekwale, kuma manomi ba zai zauna amsa maka tambaya ranar da yake yankan shinkafa ba. Wanda ya rasa damina ɗaya a awonsa ya rasa shekara guda cur. Malamin da ya san fili, da ya ga ka yi la'akari da wannan, ya san da wa yake magana.

Na zo kan abin da ya fi komai nauyi a wurina, wato malami. Ƙasarmu ƙasar gwanaye ce da alarammomi, ka kuma san al'adarsu. Gardin da zai tafi gabas neman tilawa ba ya tambayar wane gari ne ya fi kyan gini. Yakan tambayi inda gwani wane yake, ya naɗe buzunsa ya bi shi, ko a bukka yake zaune. Digiri na uku ma haka yake. Sunan jami'a zai hau takarda, amma mutum ɗaya ne zai karanta babinka, ya mayar maka, ya tsaya maka ranar kare kundi. Saboda haka ka juya lissafinka: nemi malamin tukuna, sannan ka yanki fom ɗin inda yake. Wuraren dubawa ba su yi kaɗan ba. Akwai Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da aka kafa a 2012, akwai Samaru, akwai Maiduguri, akwai Gashuwa da muke shan ruwa ɗaya da ita. A gida ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011 da ta Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013. Duk inda za ka, ka tabbatar sashen yana da izinin bayar da digiri na uku a fannin naka, kada ka dogara da "an ce".

Ni na yi kuskure a nan, kuma ba na so ka maimaita. Na zaɓi malami saboda girman sunansa. Mutumin kirki ne, masani na gaske, amma muƙamai sun yi masa yawa, yau yana wannan kwamiti gobe yana wancan gari. Babina na biyu ya yi wata da watanni a bayan motarsa ba a buɗe ba. Kunya ta hana ni magana, ina ganin rashin ladabi ne in tuna masa. Kusan shekara 2 suka tafi a haka, lokacin yayarka tana goye. Wanda ya cece ni wani ƙaramin malami ne a sashen, wanda ba a san shi ba, ya karɓi babin ya dawo mini da shi cikin mako guda, ja-ja-wur da jan biro. Na yi kwana biyu ina jin zafin gyaran, amma daga ranar aikina ya tashi. Don haka kafin ka miƙa wuyanka ga kowa, nemi ɗalibansa, waɗanda suka gama da waɗanda ke hannu. Tambaye su a keɓe: babi yakan yi kwana nawa a wurinsa? Mutum nawa ya yaye? Yana karantawa ko sa hannu kawai yake yi? In an yi saɓani, yakan saurara? Shekara nawa suka rage masa ya yi ritaya? Wanda ke mayar da aiki da jan biro ya fi maka wanda ke cewa "ya yi kyau" bai buɗe ba.

In ka same shi, ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa, kada ta wuce shafi. Faɗi ko kai wane ne, wane aikinsa ka karanta, me ka fahimta a ciki, ina tambayarka ta haɗu da tasa. Haɗa da taƙaitaccen ƙudurinka. Kada ka aika wa mutum 20 wasiƙa iri ɗaya kana sauya suna kawai, suna ganewa tun daga layin farko. In mako 2 ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi. In yana kusa, zuwa da kai ya fi saƙo. Amma ka je kai kaɗai da takardarka. Kada ka ɗauke ni, ko wani mai rawani, mu je nema maka alfarma, kuma kada ka sa kwalin kifi a bayan mota. Wanda ya shiga ta ƙofar alfarma, duk gyaran da aka sassauta masa ba zai san ko don aikinsa ya yi kyau ba ne ko don idon wanda ya kawo shi. Kyauta tana da ranarta, bayan an gama.

Takardu kuwa ba su da wuya, sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'o'i da yawa suna neman maki 3.50 bisa 5 a digiri na biyu, kuma wanda aka yi da kundin bincike, in an gaza haka akan ce mutum ya bi ta matakin M.Phil. tukuna. Za a nemi kiredit 5 na sakandare, da takardar hidimar ƙasa, da mutum 3 da za su yi maka shaida. Ka zaɓi waɗanda suka taɓa karanta rubutunka, ka ba su lokaci. Tiransikirif shi ne mai ɓata wa mutane shekara, ka nema tun yau, ka bi sawunsa da ƙafarka har ka tabbatar ya isa. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka a kowace takarda, in akwai inda aka sa Muhammad a nan Mohammed a can, ka gyara yanzu.

Sai kuɗi, wanda kunya kan hana mu tattaunawa har sai ya kayar da mu. Kuɗin makaranta shi ne ƙarami a ciki. Babban yana cikin man babur zuwa ƙauyuka, da haƙƙin mai fito, da na masu taya ka aiki, da gwajin ruwa ko ƙasa a ɗakin gwaji, da buga maƙala, da zirga-zirgar ganin malami. Ka zauna ka rubuta su duka, ka ƙara wani abu a kai saboda tashin farashi. Tunda kana koyarwa a babbar makarantar gwamnati, kana da damar tallafin TETFund, wanda ake nema ta hannun makarantarka, da sharaɗin ka dawo ka yi mata aiki. Ka sani cewa daga farkon 2025 asusun ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin masu zuwa ƙasashen waje, ya mai da hankali kan jami'o'in gida. In waje kake hange, akwai tallafin Commonwealth na Ingila da DAAD na Jamus, kowanne da lokacinsa da jarrabawar Turancin da yake nema. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka sikolashif, ka riƙe aljihunka ka wuce.

Ban hana ka waje ba. Akwai kayan aiki da laburare da natsuwar da ba mu da su, kuma can ba a san yajin aiki irin na 2020 da ya ci kusan wata 9, ko na 2022 da ya ci wata 8 ba. Amma in ka tafi, ka tafi da tambayar gida a jakarka. Abin da zai sa farfesa a Jamus ya tsaya kan wasiƙarka cikin tarin wasiƙu shi ne kana da kogin da ba shi da shi, kana da mutanen da za su buɗe maka ƙofa. In kuma gida Allah ya nufa, kada ka ji kamar an rage maka wani abu. Mai nazarin fadamar Haɗejiya da ke Kano ko Dutse yana iya kai wa filinsa ziyara duk mako.

Ka zauna da maiɗakinka kafin ka biya ko sisi. Ita za ta ɗauki rabin wannan karatu ba tare da sunanta ya hau takarda ba: cefanen da zai ragu, daren da za ka kwana kan tebur, yaran da za su yi zazzaɓi kana Guri. Gaya mata gaskiyar shekarun da kuɗin, ka nemi yardarta, kada ta ji a bakin wasu. Ka nemi albarkar mahaifiyarka. Kuma tunda ita ma maiɗakin taka tana da digirinta, ka riƙe a ranka cewa watarana za ta iya cewa layinta ya zo, ranar nan sai ka tuna abin da ta yi maka. Rabin labarin fadamar nan yana cikin gidaje, wurin masu turara shinkafa da masu saƙar kaba, inda ni da kai ba mu wuce zaure. 'Ya'yanmu mata ne kaɗai za su iya rubuto shi.

Saura amana. Za a zo maka da tayi, tun ma kafin ka sami gurbi. Wani zai ce akwai mai rubuta furofozal a kan kuɗi kaza. Wani zai nuna maka manhajar da ke zubo shafi goma cikin minti ɗaya, har da sunayen littattafan da wani lokaci babu su a duniya. Daga baya, in rana ta yi zafi, zuciya za ta ce maka ka zauna gindin bishiya ka cike sauran takardun tambayoyin da kanka, wa zai sani? Manhajar kama satar rubutu tana iya kuskure ka, malaminka ma yana iya kuskurewa. Amma ka tuna alƙaluman nan ba a kundi suke tsayawa ba. Wani zai ɗauka ya kafa hujja da su, wata hukuma ta ce ga inda za a yashe, ga inda za a bari, ruwa kuma ya bi ta kan gidan wani saboda lambar da ka ƙirƙira a inuwa. Wannan haƙƙi ne da za a tambaye ka a gaban Allah. In awonka ya zo saɓanin abin da kake fata, rubuta shi yadda ya zo.

Mutanen ƙauyukan nan kuma sun gaji da mu, ya kamata ka sani. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Malam, kun zo kun rubuta, waɗanda suka riga ku ma sun rubuta, kacalla kuwa tana nan." Ban sami abin ce masa ba, kuma maganar ba ta bar ni ba har yau. Kada ka yi musu alkawarin abin da ba ya hannunka, kada ka bari su zaci taki ko tallafi ka kawo. Gaya musu gaskiyar abin da ya kawo ka, ka nemi izininsu, ka ɓoye sunan wanda ya ce a ɓoye. Kuma tun a cikin ƙudurinka ka rubuta cewa in ka gama za ka koma ka faɗa musu abin da ka gano, da Hausa, a ƙofar gidan Bulama, ka kai kwafi fada, ka kai wa hukumar kogi, ka shiga rediyo. Su suka ba ka ilimin, su ya kamata su fara jin sakamakon.

Mai yiwuwa ka yi duk wannan a ce babu gurbi bana. Yakan faru, sau da yawa ma don malamin da ya dace da kai hannunsa ya cika ne. In haka ta kasance, ka nemi jin dalili cikin ladabi, ka gyara, ka fitar da maƙala ɗaya daga kundinka na digiri na biyu, ka sake nema baɗi da ƙarfin da ya fi na bana.

Abin da nake roƙonka yanzu kaɗan ne. Ka ajiye jakar nan tukuna. Ka nemi hutun mako 2 a wurin aiki, ka tafi Guri ko Kiri Kasamma, ka kwana a can, ka shiga kwalekwale da masu saran kacalla, ka yi shiru ka saurara. In ka dawo, ka rubuta tambayarka a shafi ɗaya, da Hausar da mahaifiyarka za ta gane in an karanta mata. Ka same ni a zaure bayan la'asar, ka zo da shafin mu duba tare, sannan mu yi maganar wace jami'a. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, da maiɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka, ya sa a fara a sa'a.

Kawunka.